Awon jini a idon sawu don binciken toshewar jijiyoyin ƙafa: wace hanya ce abin dogaro?

Likita mai neman ƙwarewa ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina shirya binciken da zan gabatar don kammala ƙwarewa a fannin cututtukan manya, kuma abin da nake son ganowa shi ne yawan masu toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa a cikin masu ciwon suga da masu hawan jini da ke zuwa asibitinmu. Abin da ya ja hankalina ga batun shi ne yadda mutane da yawa ba sa isowa gare mu sai ƙafa ta riga ta yi gyambo ko yatsa ya yi baƙi, alhali cutar takan daɗe tana cin jiki ba tare da mai ita ya ji komai ba, ko kuma ya riƙa jin ciwon sharaɓa idan ya yi tafiya ya ɗauka gajiya ce ko sanyin ƙashi. Nazarin da aka buga a mujallar Lancet a 2013 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 202 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya a shekarar 2010, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaicin ƙarfi ne, don haka ina ganin ya kamata mu ma mu san inda muke.

Awon da zan dogara da shi shi ne ABI, wato a raba lambar sama ta ƙarfin jini a idon sawu da lambar sama ta dantse. A sashenmu muna da ƙaramar na'urar Doppler ta hannu guda ɗaya, wadda ake ɗorawa a kan jijiya a ji sautin gudun jini, muna kuma da na'urorin awon jini masu sarrafa kansu, irin waɗanda ake danna maɓalli su nuna lamba. Malamin da ke duba aikina ya fi son Doppler, amma ranar ganin likita cunkoso yakan yi yawa, kuma mataimaka biyu ne za su yi awon tare da ni. Da muka fara gwaji tsakaninmu sai na lura cewa mutum biyu za su auna ƙafa ɗaya a safiya ɗaya su fito da lambobi mabambanta, har wani lokaci ɗaya ya sa mutum cikin masu cutar, ɗayan ya fitar da shi.

Tambayata ita ce, shin zan iya amfani da na'ura mai sarrafa kanta a ƙafa don saukaka aiki da rage saɓanin hannu? Kuma tun da jijiyoyi biyu ake aunawa a kowace ƙafa, wace lamba ce za ta shiga lissafi? Sannan ta yaya zan nuna wa masu jarraba ni cewa awon da muka yi abin dogaro ne? Allah ya saka da alheri.

Malamin tiyatar jijiyoyin jini ya amsa:

Wa alaikumus salam, Likita. Allah ya ba da sa'a, batun da kika zaɓa yana da muhimmanci, kuma saɓanin da kika gani tun kafin a fara tattara bayanai alheri ne, domin yanzu ne ake iya gyara shi.

Ina tare da malaminki a kan Doppler. Na'urorin da ke sarrafa kansu ba sauraron jini suke yi ba, girgizar da bugun jijiya ke haddasawa a cikin maɗauri suke ji, daga nan su ƙiyasta lambar sama da ta ƙasa ta hanyar lissafin da kamfani ya saka musu, kuma galibinsu a dantse aka tantance su, ba a idon sawu ba. Idan ƙafa lafiyayya ce, lambar da za su bayar ba za ta yi nisa da ta Doppler ba. Matsalar tana wurin ƙafar da jini ya yi ƙaranci a cikinta, inda bugun ya yi rauni: a nan na'urar takan ba da lambar da ta fi ta gaskiya girma, ko ta ƙi ba da komai. Ke nan tana gazawa daidai a kan mutanen da kika fito nema. Haka kuma idan bugun zuciyar mutum ba ya tafiya a jere, abin da ba baƙo ba ne ga tsofaffi masu hawan jini, lambarta takan ƙara rikicewa. Winsor ne ya fara bayyana wannan awo a 1950, Yao da abokan aikinsa suka kafa shi da Doppler a 1969, kuma a kan Doppler aka gina iyakar 0.90 da kowa ke ambato, wato lambar ABI da ke raba mai cuta da wanda ba shi da ita. Ba daidai ba ne a ɗauko iyakar da aka samo da wata na'ura a ɗora wa lambobin wata.

Abin da zan ba ki shawara ki riƙe shi ne bayanin da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar a mujallar Circulation a 2012, wanda Aboyans ya jagoranci rubuta shi, domin an yi shi ne musamman don a daidaita yadda ake wannan awo. Mutum zai kwanta rigingine, kansa da dugadugansa duka a kan gado, ya huta na minti 5 zuwa 10 a ɗakin da babu sanyi mai takurawa, kuma ya kasance bai sha taba ba aƙalla awa 2 kafin awon. Kwanciyar nan ba ta da sassauci. Idan aka auna mutum yana zaune, nauyin jinin da ke tsakanin zuciya da ƙafa yakan ƙaru a kan lambar idon sawu, har ABI ya haura da kimanin 0.35, wanda ya isa ya mayar da mai cuta lafiyayye a takarda. Wanda ba zai iya kwanciya a miƙe ba saboda ciwon zuciya ko sarƙewar numfashi, gara ki rubuta cewa ba a auna shi ba da ki auna shi a jingine ki haɗa lambarsa da ta sauran.

Maɗauri kuma faɗinsa ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100 na kewayen gaɓar da za a ɗaura masa. Idan kewayen ƙafa a saman idon sawu santimita 25 ne, kina buƙatar maɗauri mai faɗin santimita 10 ko fiye. Ƙaramin maɗauri a kan ƙatuwar ƙafa yana ƙara lamba. A ɗaura shi dab da saman ƙasusuwan idon sawu, a naɗe shi a miƙe, kada a karkace shi yana hawa ƙwauri. Bakin Doppler mai megahaz 8 zuwa 10 ake so, a sa jel, a riƙe shi a karkace tsakanin digiri 45 da 60 yana fuskantar inda jini ke tahowa, a yi ta matsar da shi a hankali har a sami wurin da sauti ya fi fitowa. Sai a hura maɗauri har sautin ya ɓace, a ƙara mmHg 20 a kai (mmHg shi ne ma'aunin ƙarfin jini da agogon awo ke nunawa), sannan a saki iska sannu a hankali, kamar mmHg 2 a kowace daƙiƙa. Lambar da sauti ya dawo a kanta ita ake rubutawa, ba wadda ya ɓace a kanta ba lokacin hurawa.

Akwai abu guda da nake yawan gani ana yi, kuma shi kaɗai ya isa ya ɓata bincike, wato a auna dantse da na'ura mai sarrafa kanta ko da abin sauraren ƙirji, sannan a auna ƙafa da Doppler. Sama da ƙasan lissafin dole su fito daga hanya ɗaya. Da Doppler za a auna dantse biyun duka. Jerin da bayanin 2012 ya kawo shi ne a fara da dantsen dama, sai jijiyar da ke bayan ƙashin idon sawu na ciki a ƙafar dama, sai ta bayan ƙafa, wato saman ƙafa tsakanin idon sawu da yatsu, a tsallaka ƙafar hagu a yi mata haka, a hau dantsen hagu, sannan a koma dantsen dama a sake auna shi. Dalilin komawar shi ne awon farko yakan zo a sama saboda fargabar mara lafiya. Idan awon farko da na ƙarshe na dantsen dama ba su bambanta da fiye da mmHg 10 ba, a ɗauki matsakaicinsu; idan sun wuce haka, a yar da na farko. Daga nan dantsen da ya fi girman lamba shi ne abin rabawa ga ƙafafu biyun, domin mutum yana iya samun ƙuntatar jijiyar da ke kai jini hannu ɗaya, kuma idan aka raba da lambar wannan hannun za a sami ABI mai kyau na ƙarya.

Game da jijiyoyi biyun ƙafa, don tabbatar da cuta ana ɗaukar wadda ta fi girma. ABI na 0.90 ko ƙasa da haka cuta ce, 0.91 zuwa 0.99 kan iyaka ne, 1.00 zuwa 1.40 lafiya, abin da ya haura 1.40 kuma yana nuna jijiya ta ƙi matsuwa. Kowace ƙafa a rubuta nata daban. Duk wanda lambarsa ta faɗa tsakanin 0.80 da 1.00, a sake auna shi kafin a yanke hukunci.

Tsohuwar nas a sashen masu ciwon suga ta amsa:

Salamu alaikum. Abin da Malam ya faɗa shi ne ƙa'ida, ni kuma zan yi magana a kan abin da kan hana ƙa'idar aiki a ɗakin awo.

Likita, kada ki yi wannan awo a cikin layin ganin likita. Awon mutum ɗaya, idan aka haɗa hutu da aunawa bakwai da rubutu, ba abin da za a gama a tsaye ba ne, kuma mataimakin da ke jin hayaniyar masu jira a bakin ƙofa zai saki iska da sauri ko yana so ko ba ya so. Sakin iska da sauri yana sa sauti ya dawo allura ta riga ta wuce, a rubuta lambar da ta gaza ta gaskiya. Ki nemi ɗaki daban mai gado biyu, ɗaya yana hutawa ana auna ɗaya, ki kuma ƙayyade adadin da za a auna a yini. Yawancin mutanenmu sun taso tun da asuba, wasu sun yi doguwar tafiya a mota ko a babur, wasu ba su karya ba saboda gwajin suga, don haka minti 10 na hutu ya fi 5 dacewa da su, kuma a ba su dama su yi fitsari kafin su kwanta.

Ki tabbata cikin mataimakanki akwai mace. Dattijuwa ba za ta saki jiki ba idan namiji ne zai yaye mata zane zuwa ƙwauri ya riƙe ƙafarta, kuma idan ba ta saki jiki ba za ta riƙa janye ƙafa, bakin na'ura ya goce daga kan jijiya. A yi mata bayani tun farko cewa maɗaurin zai matse ƙafar na ɗan lokaci, kuma ba allura ba ce. Wanda aka yi wa bayani yakan daure, wanda ba a yi wa ba yakan zabura daidai lokacin da ake sauraro.

Riƙon na'urar shi ne inda hannu ke bambanta da hannu. Mai awo ya kafa gefen hannunsa a kan ƙafar mara lafiya ko a kan gado, don kada bakin ya motsa lokacin da ɗayan hannun ke hura iska. Kada ya danna da ƙarfi, musamman a bayan ƙafa, domin jijiyar wurin tana kwance a kan ƙashi, dannawa kaɗan za ta toshe ta a zaci babu jini. Ana samunta a gefen jijiyar da ke ɗaga babban yatsa, ta ɓangaren yatsa na biyu, kuma akwai lafiyayyun mutane da aka haifa ba a jin bugu a wurin, saboda haka rashin jinta kaɗai ba hujja ba ce. Sabon mai awo yakan kuma rikita sautin jinin da ke komawa zuciya, mai kama da hurawar iska da ke canzawa da numfashi, da sautin jijiyar da ake nema, wanda ke fita da kaifi tare da kowane bugu. Wannan sai an zauna kusa da wanda ya iya an saurara tare.

Lokacin hunturu a kula sosai, ƙafa mai sanyi jijiyoyinta sukan tsuke, sai a lulluɓe ta a lokacin hutu. Ƙafar da ta kumbura tana wahalar da awo, a rubuta cewa akwai kumburi. Ba a ɗaura maɗauri a kan gyambo kai tsaye, ko a kan inda aka yi aikin dasa jijiya, ko a ƙafar da ake zargin jini ya daskare a cikinta. Masu sikila sukan sami gyambo daidai kusa da idon sawu, inda maɗauri ke zama, don haka ki yanke tun yanzu yadda za ki yi da su.

Sai kayan aiki. Agogon awo mai allura yana gocewa idan ya faɗi ko ya tsufa, kuma tun da ana janye masu zaiba daga asibitoci bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, masu allurar ne suka fi yawa a hannunmu. A gwada shi da wanda aka tabbatar da ingancinsa kafin a fara, a maimaita aƙalla bayan kowane wata shida, kuma agogo ɗaya ya yi dukan aikin. Ki ajiye batir na ko-ta-kwana, domin Doppler idan batirinsa ya yi sanyi sautinsa yakan dusashe kafin ya mutu gaba ɗaya.

Malamin ƙididdigar lafiyar al'umma ya amsa:

Gaisuwa ga Malam da Sista. Likita, ni zan tsaya a tambayarki ta biyu da ta uku, kuma ina da ɗan bambancin ra'ayi da Malam a kan lambar da za a ɗauka.

Ɗaukar jijiyar da ta fi girma ya dace da likitan da ke son tabbatar da cuta kafin ya ɗora mutum a kan magani ko ya tura shi hoto, domin yana rage masu lafiyar da za a ce suna da cuta. Amma ke bincike kike yi a kan mutanen da babban haɗarinsu shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Haɗakar nazarce-nazarcen da aka buga a mujallar JAMA a 2008 ta nuna cewa ABI na 0.90 ko ƙasa yana tafiya da kusan ninki biyu na mace-mace cikin shekara 10, kuma shi kansa bayanin 2012 ya yarda cewa ɗaukar ƙaramar lamba yana kamo ƙarin mutanen da ke cikin haɗari. Ga misali na lissafi kawai: a ce dantsen dama ya ba da 140 da farko, 136 a ƙarshe, matsakaici 138, na hagu kuma 134, abin rabawa ya zama 138. A ƙafar dama jijiyar bayan ƙafa ta ba da 128, ta bayan idon sawu ta ba da 110. Da babbar lamba ABI ya zama 0.93, mutumin yana kan iyaka. Da ƙaramar lamba ya zama 0.80, yana da cuta ƙarara. Mutum ɗaya ne, awo ɗaya ne, amma yawan masu cutar da za ki bayyana a ƙarshe zai canza gwargwadon hanyar da kika bi. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa alƙaluman da ake bugawa daga wurare daban-daban suke wuyar kwatantawa.

Shawarata ita ce ki rubuta a cikin tsarin binciken, kafin a auna mutum na farko, cewa babban sakamakonki da babbar lamba za a lissafa shi, don ya yi daidai da na sauran masu bincike, sannan ki kawo na ƙaramar lamba a matsayin sakamako na biyu. Hakan ba zai yiwu ba sai fom ɗinki yana da gurbi bakwai na ɗanyun lambobi. Kada mataimaka su lissafa ABI a ɗakin awo, kada ma a sa gurbinsa a fom. Mai awon da ya san cewa 0.90 ce iyaka, kuma yana ganin inda lissafi ya dosa, kunnensa yakan karkata ba da niyya ba. Kwamfuta ce za ta yi rabawar daga baya.

Ki kuma sa ido a kan ɗabi'ar cika lamba zuwa sifili. Idan dantse 140 ne, idon sawu 126, ABI 0.90 ne daidai, mutumin yana cikin masu cuta. Idan mai awo ya mayar da 126 zuwa 130, ABI ya koma 0.93, ya fita. A karanta agogo zuwa mmHg 2 mafi kusa, kuma duk ƙarshen mako ki ƙirga lambar ƙarshe ta awon kowane mataimaki. Tun da lambobin ƙarshe biyar ne ke yiwuwa, sifili bai kamata ya wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar da yawa ba. Idan kika ga rabin awon wani yana ƙarewa da sifili, yana buƙatar a sake horar da shi.

Don nuna wa masu jarrabawa ingancin awo, ki ware wani kaso na mahalarta da mataimaka biyu za su auna a zama ɗaya, kowa bai ga takardar ɗan'uwansa ba, a riƙa musanya wanda zai fara, da wani kason da mutum ɗaya zai auna sau biyu. Kada ki yi wannan gwaji a kan ɗalibai da ma'aikata masu lafiya kaɗai, domin kowa yana dacewa da kowa a lafiyayyar ƙafa, a ƙafar da jini ya yi rauni ne ake gane hannu. Wajen nazari kada ki tsaya ga nuna cewa lambobin biyu suna hawa da sauka tare, domin mutum biyu suna iya yin haka alhali ɗaya kullum yana sama da ɗaya da mmHg 10. Ki bi hanyar da Bland da Altman suka bayyana a Lancet a 1986, wadda ke nuna matsakaicin bambanci da faɗin saɓani, ki ƙara da yawan lokutan da suka yi ittifaƙi a kan cewa mutum yana ƙasa ko sama da 0.90. Ki tuna cewa a bibiyar mara lafiya ba a ɗaukar canjin ABI a matsayin ci gaban cuta sai ya wuce 0.15, wanda ke nuna miki girman kai-komon da awon ke da shi a ɗabi'arsa.

Na'ura mai sarrafa kanta kuwa, ban ce ki jefar da ita ba. Idan kina da hali, ki auna wani kaso da hanyoyin biyu ki kwatanta, domin sanin ko za ta yi amfani wajen tantancewar farko a ƙananan asibitocin da ba su da Doppler tambaya ce mai daraja a wurinmu. Sharaɗin shi ne duk lokacin da ta ƙi ba da lamba a rubuta hakan a matsayin sakamako, kada a share shi, domin sau da yawa ƙin nata alama ce ta cuta. Wani abu kuma da ya kamata ki ambata a tattaunawar sakamako: binciken MESA na Amurka ya gano cewa a cikin mutanen da ba su da cutar, ABI na baƙaƙen fata yana ƙasa da na fararen fata da kimanin 0.02, haka na mata yana ƙasa da na maza da kusan wannan adadi. Bambancin ƙarami ne ga mutum ɗaya, amma idan ana ƙirga waɗanda ke dab da iyaka yana iya taɓa alƙaluma.

Likita mai neman ƙwarewa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malamai da Sista, Allah ya ƙara ilimi. Zan tsaya a kan Doppler, zan sake fasalin fom ya ɗauki ɗanyun lambobi bakwai, kuma zan nemi ɗaki daban. Abin da ya rage mini shi ne masu ciwon suga da suka daɗe da shi, waɗanda su ne kaso mafi girma a cikin mahalarta. A wasunsu muna hura maɗauri allura ta yi nisa sosai amma sauti bai ɓace ba, a wasu kuma ABI yana fitowa lafiya alhali ƙafar tana da sanyi, gashinta ya zube, mutumin kuma yana kukan ciwon sharaɓa idan ya yi tafiya zuwa masallaci ko kasuwa. Shin in cire su daga lissafi ne, ko in sa su cikin masu lafiya tun da lambarsu ba ta sauka ƙasa da 0.90 ba?

Malamin tiyatar jijiyoyin jini ya sake amsawa:

Kada ki yi ko ɗaya daga cikin biyun, Likita. Na yarda da tsarin da Malamin ƙididdiga ya kawo na bayyana lissafi biyu, muddin an bayyana tun farko wanne ne babba. Amma wannan tambayar taki ta fi waccan nauyi a kan mutanen da za ki auna.

Daɗaɗɗen ciwon suga da ciwon ƙoda da tsufa suna sa sinadarin kalsiyam ya taru a tsakiyar bangon jijiya, yanayin da ake dangantawa da sunan Mönckeberg, sai jijiyar ta ƙandare kamar tiyon da ya bushe a rana, maɗauri ya kasa matse ta. Lambar da kike karantawa a lokacin ba ƙarfin jini ba ce, taurin bango ne. Ana dakatar da hurawa a mmHg 300, kuma tun kafin nan idan mutum yana jin zafi a tsaya, a rubuta cewa jijiya ba ta matsu ba. Waɗanda ABI ɗinsu ya haura 1.40 rukuni ne mai zaman kansa a teburinki, haɗarinsu na ciwon zuciya ma a sama yake, kuma da yawansu suna da toshewa a ƙarƙashin taurin. Kwamitin ƙasa da ƙasa mai kula da ƙafar masu ciwon suga ya fi ma tsanantawa, 1.3 yake ɗauka a matsayin iyakar sama, don haka ki bayyana wadda kika bi.

Rukuni na biyu da kika ambata shi ya fi damuna, domin ɗan tauri da ɗan toshewa suna iya haɗuwa su ba da lamba kamar 1.05, wadda ba wanda zai yi zarginta. A nan awon babban yatsan ƙafa ne mafita, saboda ƙananan jijiyoyin yatsu ba kasafai suke ƙandarewa ba. Ana buƙatar ɗan ƙaramin maɗauri na yatsa da na'urar da ke gane bugu ta hanyar haske, a ɗumama ƙafar tukuna, a raba lambar yatsa da ta dantse, kuma 0.70 ko ƙasa da haka yana nuna cuta. Idan kuɗin bincikenki zai iya sayen abu ɗaya tak, wannan zan ce ki saya.

Idan bai samu ba, Doppler ɗin da ke hannunki yana ba da bayani fiye da lamba. Lafiyayyar jijiya tana fitar da sauti mai gaɓa uku ko biyu a kowane bugu, wadda aka toshe mata hanya kuma sautinta gaɓa ɗaya ne, mai ja da taushi. Ki ƙara gurbi a fom don wannan, ki horar da mataimaka a kansa, ki kuma gwada dacewarsu kamar yadda za ki gwada ta lambobi. Ga mai ciwon sharaɓa wanda awonsa na hutu ya fito lafiya, a sa shi tafiya ko ɗaga dugadugai a tsaye har ciwon ya taso, a kwantar da shi nan take a sake auna idon sawu. Faɗuwar ABI da fiye da kashi 20 cikin 100, ko faɗuwar lambar idon sawu da fiye da mmHg 30, tana nuna toshewa, sai dai a tabbata zuciyarsa za ta ɗauki wannan motsi. Don tambayar ciwon tafiya kuma, ki yi amfani da tambayoyin Edinburgh na 1992, a fassara su zuwa Hausa a rubuce sau ɗaya, a gwada su a kan marasa lafiya, kada kowane mataimaki ya riƙa fassarawa da bakinsa.

Ki kuma rubuta a takardar da za ki kai wa kwamitin ɗa'ar bincike abin da za a yi wa wanda aka samu da ABI ƙasa da 0.90, da wanda zai gan shi, da kuma cewa mai ciwon ƙafa ko yana kwance, ko mai gyambon da ya ƙi warkewa tare da ƙarancin jini, a ranar za a tura shi sashen tiyata ba sai an gama tattara bayanai ba.